Kafin Hasashen Kwamfuta Ya Zama Umarnin Gwamnati

A unguwar Nassarawa GRA ake yanke shawarwarin da ke taɓa rayuwar mutanen ƙananan hukumomi 44 na jihar Kano. Nan Gidan Gwamnati yake, nan asibitin Muhammad Abdullahi Wase yake, kuma a cikin gidajen da aka mayar ofisoshi a layukanta ƙungiyoyin agaji da ƙwararrunsu ke zama su shirya takardun da za a ajiye a gaban kwamishina. Abin da yawancinmu ba mu lura da shi ba shi ne, kaso mai tsoka na alƙaluman da ke cikin irin waɗannan takardu babu wanda ya shiga ƙauye ya ƙirgo su. Manhajar kwaikwayo ce ta fitar da su. Ana gina ƙaramar duniya a cikin kwamfuta, a zuba mata mutane ko sauro ko tsirrai ko ruwa, a shimfiɗa mata ƙa'idojin da masana suka gano, sannan a sake ta ta yi tafiyar shekara goma cikin 'yan sa'o'i, a ga inda za ta kwana. Wannan ilimi ne mai amfani, kuma ba ni da ja a kansa. Abin da nake kira gare shi ɗaya ne: duk manhajar da hasashenta zai zama dalilin kashe kuɗin jama'a ko taɓa lafiyarsu, dole rubutunta ya kasance a buɗe, dole kuma ta kasance tana shan gwaji na kai-da-kai a duk lokacin da wani ya sauya ko da layi ɗaya a cikinta. Sannan mu ma a nan Arewa muna da abin da ya kamata mu saka a cikin wannan gwaji, wanda har yau ba mu ɗauke shi da muhimmanci ba.

Shan inna ne misali mafi kusa da mu. Yaro na ƙarshe da ƙwayar cutar ta daji ta shanye a jihar Kano an same shi ne a ƙaramar hukumar Sumaila, a watan Yulin 2014. Da aka yi watanni ba a sake jin ɗuriyarta ba, sai tambaya ta taso: ta mutu ne, ko laɓewa ta yi? Ido ba zai ba da amsa ba, domin cikin kusan mutum 200 da suka kamu da nau'in farko na cutar, ɗaya ne kawai ke shanyewa, sauran suna yawo da ita ba tare da kowa ya sani ba. A 2016 Kevin McCarthy da Guillaume Chabot-Couture na cibiyar IDM ta Amurka, tare da Dakta Faisal Shuaib wanda daga baya ya shugabanci hukumar kula da lafiya matakin farko ta ƙasa, suka wallafa bincike a mujallar BMC Infectious Diseases. Sun gina jihar Kano a cikin manhajar EMOD, suka daidaita ta da tarihin yaran da cutar ta shanye da zagayen rigakafin da aka yi, suka yi ta maimaita kwaikwayon, suka ga cewa zuwa Oktoban 2015 yiwuwar cutar ta ƙare a jihar ya haura kashi 90 cikin 100. Da wannan manhajar ce kuma masana daga Jami'ar Northwestern suka taimaka wa shirin yaƙi da zazzaɓin cizon sauro na ƙasa wajen auna matakan da suka fi dacewa da ƙananan hukumomi 774 a tsarin 2021 zuwa 2025. Ke nan maganin rigakafin da ake bi gida-gida ana ba yara 'yan wata 3 zuwa 59 a duk wata na damina, da gidan sauron da ake rabawa, suna da alaƙa da lissafin da wata na'ura ta yi. Ana iya karanta rubutun EMOD a dandalin GitHub, kuma wannan abin yabo ne. Amma a cikin dubban layuka, wa ke da tabbacin cewa gyaran da aka yi jiya bai karya abin da ke aiki shekaranjiya ba?

Kuskuren manhajar kimiyya ba ya ihu. Idan manhajar banki ta lalace, kafin azahar masu ajiya sun cika harabar. Ita kuwa ta kimiyya sai ta fitar da lamba mai kyan gani, a zana ta a jadawali, a buga a mujalla. A Disambar 2006 Geoffrey Chang na cibiyar Scripps da ke Kalifoniya ya janye takardun bincike biyar, uku daga cikinsu a mujallar Science, saboda wata ƙaramar manhaja a ɗakin bincikensa ta musanya ginshiƙai biyu na alƙaluma, siffar sinadarin da ya shafe shekaru yana nazari ta fito a birkice. Abin da ya faru a Jami'ar Hawai a 2019 ya fi wannan koyar da darasi. Wani ɗalibi mai suna Yuheng Luo yana amfani da wani ɗan rubutu na harshen Python da aka wallafa tun 2014 don lissafin sinadarai, sai ya ga amsar da yake samu ta saɓa da wadda abokan aikinsa suka samu, alhali bayanai ɗaya suka zuba. Da aka bi sawu, sai aka tarar rubutun yana ɗauko fayiloli daga jaka ne yana haɗa su biyu-biyu, bisa zaton cewa a jere za su zo masa. Wasu kwamfutocin suna miƙo su a jere, wasu kuma a hargitse, gwargwadon tsarin da ke kansu. Sai lambar wannan fayil ta auri ta wancan, kuma babu wani gargaɗi da ya fito a allo. An ƙiyasta cewa takardun bincike fiye da 100 na iya shafuwa. Gyaran bai wuce a umarci rubutun ya jera fayilolin da kansa ba. Da a ce tun ranar farko akwai na'urar da ke gudanar da misali guda a kan Windows da Linux da Mac tana kwatanta amsoshin, da matsalar ba ta kwana ba, balle ta shekara biyar.

Wannan shi ne aikin da masu sana'ar ke kira CI a taƙaice, wato haɗa gyare-gyare da gwada su a kai a kai. Kent Beck da abokansa ne suka yayata shi a ƙarshen shekarun 1990, manhajar Jenkins ta sauƙaƙa shi daga 2011, sannan GitHub ya shigar da shi cikin dandalinsa a 2019. Ga yadda yake a aikace. Ɗalibar digiri na biyu ta ga cewa yadda manhajar ke lissafin ruwan da ƙasa mai yashi ke riƙewa bai yi daidai ba, sai ta gyara layi shida, ta tura gyaran zuwa rumbun da kowa ke aiki a kai. Kafin wani mutum ya duba, wasu kwamfutoci a can nesa sun tashi da kansu, sun ɗauko manhajar gaba ɗaya, sun harhaɗa ta daga tushe a kan tsari daban-daban, sun bi gwaje-gwajen da aka tanada ɗaya bayan ɗaya. Bayan mintuna sai alama ta fito a gefen sunanta: koriya idan komai lafiya, jan kuros idan wani abu ya karye, tare da sunan gwajin da ya faɗi da lambar da aka sa rai da wadda ta fito. Wataƙila ta gyara yashi ne amma ta ɓata lissafin ƙasar fadama ba da saninta ba. Ba za a karɓi gyaran ba sai jan ya koma kore, ko da farfesan da ya kafa aikin ne ya turo shi. Mai sayen hatsi a Dawanau ya san cewa mudun da aka auna aka yarda da shi bara ba hujja ba ne yau, domin ana iya bubbuga gindinsa a dare ɗaya. Shi ya sa yake duba shi a kowane ciniki.

Gwada manhajar kwaikwayo ya fi gwada ta kasuwanci wuya, kuma a nan ne masana da yawa ke fakewa. Sukan ce ai da mun san amsar da ba mu rubuta manhajar ba, to da me za mu kwatanta? Maganar tana da ƙamshin gaskiya, amma ba ta kai hujja ba. Akwai abubuwan da dole su tsaya ko mene ne sakamakon. Idan aka fara da mutum dubu, aka haifi 50, 20 suka rasu, babu wanda ya shigo ko ya fita, dole a ƙare da 1,030. Ruwan da ya sauka a gona dole ya yi daidai da jimillar wanda ya gudu, da wanda ya nutse, da wanda ya tashi sama, da wanda ya rage a ƙasa. Idan aka cire sauro gaba ɗaya, bai kamata a ga sabon mai zazzaɓi ba. Akwai kuma sauƙaƙan matsalolin da aka san amsarsu da alƙalami da takarda, waɗanda za a ba manhajar a ga ko za ta iso wurin. Sai ajiye sakamakon da aka amince da shi, domin duk ranar da ya motsa a tilasta wa wani ya bayyana dalili. Wahalar da ta rage ta lambobi ce. Kwamfuta ba ta riƙe ɓangaren lamba cif-cif. Ka ce wa Python ta tara 0.1 da 0.2, za ta ba ka 0.30000000000000004. Irin wannan ɗan bambanci yana taruwa, yana kuma sauyawa daga na'ura zuwa na'ura, don haka dole masanin ya zauna ya yanke iyakar saɓanin da zai lamunta, ya rubuta ta a fili. Manhajojin cututtuka kuma suna jefa ƙuri'a ne a ciki, wa zai kamu wa zai tsira, saboda haka akan ɗaure lambar da ƙuri'ar ke farawa da ita don a iya maimaita gudu ɗaya sak, sannan a gudanar da ɗaruruwa a duba ko matsakaicinsu yana inda ya kamata. Duk wannan tunani ne na kimiyya tsantsa, kuma wanda ya kasa faɗin abin da manhajarsa ba za ta taɓa yi ba idan tana da lafiya, da sauransa wajen fahimtar ta.

Duniya ta ga abin da rashin wannan shiri ke jawowa a lokacin korona. Ranar 16 ga Maris 2020 tawagar Neil Ferguson ta Kwalejin Imperial da ke Landan ta fitar da rahoton da ya yi hasashen mutuwar mutum kusan 510,000 a Birtaniya idan ba a ɗauki wani mataki ba, kuma bayan mako guda aka kulle ƙasar. Ferguson da kansa ya ce dubban layuka ne na harshen C da ya rubuta fiye da shekara 13 kafin nan, ba tare da bayani ba. Sai a watan Afrilu aka saki rubutun, bayan injiniyoyin Microsoft da GitHub sun taimaka an gyara shi, kuma masu dubawa suka gano wuraren da gudu biyu masu mafari ɗaya ke ba da amsa daban. A watan Yuni Stephen Eglen na Jami'ar Kambirij ya sake gudanar da shi, ya samu sakamakon da ya yi daidai da manyan alƙaluman rahoton. Wato lissafin ya tsaya. Amma kafin a tabbatar da haka, an shafe makonni masu adawa da kulle suna yawo da kurakuran a matsayin shaidar cewa duk abin ƙarya ne. Mu da muka zauna a gida bayan Shugaba Buhari ya kulle Kano ranar 27 ga Afrilun 2020, mun san nauyin irin wannan umarni a kan mai neman na yau da kullum. Wanda zai ce wa ɗan dako ya zauna a gida saboda hasashe, wajibi ne ya iya nuna shaidar cewa an gwada injin da ya yi hasashen tun kafin a buƙace shi.

A harkar noma ne nake ganin babbar damarmu. Masana daga Cibiyar Nazarin Noma a Ƙasashe Masu Ƙarancin Ruwa ta Jami'ar Bayero, tare da takwarorinsu na IITA da ke titin Sabo Bakin Zuwo, sun yi amfani da manhajar DSSAT wajen gano lokacin da ya fi dacewa a shuka masara mai saurin nuna a Arewacin Najeriya, suka wallafa a 2017. Masanan ICRISAT a Kano sun yi irin wannan aiki a kan dawa da manhajar APSIM ta ƙasar Ostireliya. Rubutun manhajojin biyu yana GitHub. Masu kula da sabon zubin APSIM suna da wata al'ada da ta cancanci koyi: duk gyaran da aka turo, na'ura tana sake gudanar da tarin gwaje-gwajen gona na gaske da aka ajiye, ta kwatanta abin da manhajar ta hasaso da abin da aka auna a fili, ta nuna ko gyaran ya matso da ita kusa da gaskiya ko ya nisanta ta. To abin lura shi ne, gonar da ke cikin wannan tari ita ce ke da mai tsaro. Idan wani a Kuwinsland ta Ostireliya ya sauya yadda dawa ke jure fari, aka ga amfanin gonakin da ke cikin gwajin bai motsa ba, gyaran zai wuce, ko da ya ɓata lissafin kaura da farafara a ƙasa mai yashi irin ta Minjibir. Ba mugunta ba ce. Abin da na'ura ba ta gani ba, ba za ta kare shi ba. Muna da bayanan da suka isa. Cibiyar binciken noma ta Samaru ta faro tun 1922, gonakin gwaji na Kadawa da Minjibir da na Jami'ar Bayero sun tara awon shekaru a kan ranar shuka, yawan taki, ruwan sama da nauyin amfani. Mafi yawansu suna kwance a kundayen digiri da kwamfutocin tafi-da-gidanka na malamai. Kowane gwaji mai tsabta da aka shirya aka miƙa wa masu kula da waɗannan manhajoji ya zama ɓangaren gwajinsu, yana nufin daga ranar babu wanda zai sauya lissafin dawa ko gero ko wake a ko'ina a duniya sai ya bi ta kan ƙasar Kano. Ban san wata hanya mai arha kamar wannan da masanin Arewa zai sa a dinga jin muryarsa a aikin da ba shi ya kafa ba.

Za a ce wannan hidimar masu wuta ce, mu da KEDCO ke ba mu a ƙirge, data kuma ta yi tsada. Ni ina ganin akasin haka. Gwajin ba a kan kwamfutar mai binciken yake gudana ba. Abin da zai tura bai kai nauyin hoto ɗaya na WhatsApp ba, nauyin aikin yana kan injinan kamfanin, kuma GitHub ba ya karɓar ko kwabo a kan rumbun da ke buɗe ga kowa. Wanda ba shi da janareta ya fi kowa buƙatar na'urar da za ta yi masa aiki bayan batirinsa ya mutu. Damuwar da ta fi wannan ƙarfi ita ce dogaro da kyautar kamfanin waje. Microsoft ya sayi GitHub a 2018, kuma an ga yadda Travis CI, wanda dubban ayyukan kimiyya suka jingina da shi kyauta, ya sauya sharuɗɗansa ya rufe tsohon dandalinsa a 2021, mutane suka yi ta kwashe kaya. Maganin wannan shi ne a rubuta gwaje-gwajen ta yadda umarni ɗaya zai gudanar da su a kowace kwamfuta, dandalin ya zama ɗan aike kawai. Jami'ar Bayero ko ta Ahmadu Bello ko ta Wudil na iya ajiye injin guda da sola ta ɗora masa Jenkins idan ranar ta zo.

Akwai kuma maganar lokaci da ƙarin girma, kuma ina tausaya wa masu yin ta. Kwamitin ƙarin girma takardu yake ƙirgawa, ba ya tambayar gwaji nawa malami ya rubuta. Amma ƙofa ta buɗe tun 2016, lokacin da aka kafa mujallar JOSS, wadda ke tantance manhajar bincike ita kanta, tana duba ko akwai hanyar gwada ta, sannan ta ba marubucin takardar da za a iya ambata. Abin da ya rage shi ne majalisun jami'o'inmu su amince da irin wannan a matsayin aiki. Masu tsoron a sace musu wahala su tuna cewa rumbun da ke buɗe yana rubuta sunan wanda ya yi kowane layi da ranar da ya yi shi, shaidar da fayil ɗin da ke yawo a filashi ba shi da ita. Bayanan marasa lafiya kuwa ba a buƙatar fitar da su. Dokar kare bayanai ta 2023 ma ta hana wasa da su. Ana gwada manhajar cuta da mutanen ƙirƙira, a bar na gaskiya a inda doka ta ajiye su.

Suka mafi nauyi ita ce koriyar alama na iya sa mutane su saki jiki. Wannan gaskiya ne, kuma bai kamata a rufe shi ba. Gwaji yana tabbatar da cewa manhaja tana lissafa abin da aka ce ta lissafa. Ba ya tabbatar da cewa abin da aka gaya mata game da duniya daidai ne. A watan Agustan 2016, bayan shekara biyu ana murna, sai ga shan inna ta ɓulla a Gwoza da Jere a jihar Borno, kuma binciken ƙwayar ya nuna ta shekara kusan biyar tana yawo a inda rikici ya hana ma'aikata shiga. Babu manhajar da za ta ga abin da ba a kawo mata rahotonsa ba, kuma sai ranar 25 ga Agustan 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar ta daji. Amma wannan ba dalilin barin gwaji ba ne. Hasashe yana iya kuskurewa ta hanyoyi uku: bayanan da aka zuba, zaton da aka gina a kai, ko kuskuren hannu a rubutu. Biyun farko suna buƙatar muhawarar masana da ma'aikatan da suka san unguwa. Na ukun na'ura na iya tsare shi dare da rana. Idan aka toshe shi, duk saɓanin da ya rage tsakanin hasashe da abin da aka gani a fili ya zama darasi a kan cutar ko ƙasar, maimakon a yi ta zargin ko wani ne ya manta waƙafi.

Kano tana da dalilinta na musamman na neman a nuna mata. Gwajin maganin Trovan da aka yi a kan yara a 1996, da dakatar da rigakafin shan inna daga 2003 zuwa 2004, sun koya wa kowa abin da ke faruwa idan aka ce wa mutane su yarda kawai. Saboda haka ma'aikatun lafiya, noma da albarkatun ruwa na jiha su sanya sharaɗi a cikin kowace yarjejeniya da ƙungiya ko ƙwararren da zai kawo hasashe: ya faɗi sunan manhajar da lambar zubin da ya yi amfani da shi, ya nuna inda rubutunta yake, ya nuna tarihin gwajinta, ya kuma miƙa fayilolin da wani malami a Jami'ar Bayero zai iya sake gudanarwa ya samu amsa iri ɗaya. Asusun TETFund ya nemi haka daga duk binciken da ya ɗauki nauyi wanda ya ƙunshi kwaikwayo, ya ware wani kaso na kuɗin don wanda zai rubuta gwajin. Sassan kimiyyar kwamfuta kuma su daina barin ɗalibansu suna maimaita manhajar rajistar ɗalibai a matsayin aikin kammala karatu, su haɗa su da ɗaliban noma da na kiwon lafiyar al'umma, ɗaya ya kawo awon gona ko na asibiti, ɗayan ya mayar da shi gwajin da za a tura wa DSSAT ko APSIM ko EMOD da sunayensu biyu a kai.